ALƘALAMI, DAMINA DA KYAUTATA ZATO GA ALLAH

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake juya dare da rana, yake kawo damina bayan bazara, ya kuma sanar da ɗan Adam rubutu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya zauna a birnin Katsina ya san yadda ƙarshen bazara yake. Rana takan ƙwalle tun da hantsi, rijiyoyi su ja baya, hatsi ya yi tsada a kasuwa, dabbobi su rame. Da la'asar sai a ga dattawa a bakin Ƙofar Sauri ko Ƙofar Marusa suna duban gabas, ko hadari zai taso. A irin wannan lokaci ne akan ji maganganu iri biyu a bakin jama'a. Wani ya ce bana kam an shiga uku, ruwa ba zai zo ba, ƙasa ta lalace. Wani kuwa ya ce Allah da ya kawo na bara yana nan, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi sharar gona. Mutanen nan biyu rana ɗaya ce take dukansu, kasuwa ɗaya suke ci. Abin da ya raba su shi ne zaton da kowannensu yake yi wa Ubangijinsa. Darasin wannan mako a kan wannan zato yake, da yadda juyawar lokutan shekara da aikin alƙalami suke ƙarfafa shi.

LOKUTAN SHEKARA AYA CE

Bahaushe ya kasa shekararsa kashi huɗu. Akwai bazara, lokacin zafi da sharar gona da kai taki. Akwai damina, wadda a ƙasar Katsina takan kankama wajen watan Yuni, ta yi marka a Agusta, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Sa'an nan kaka, lokacin da ake cin tumu, a girbe gero, daga baya dawa da wake da gyaɗa su biyo. Sa'an nan rani, wanda farkonsa hunturu ne da hazo da ɗari. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da aikinsa da wahalarsa da ni'imarsa, kuma babu wanda yake dawwama.

Alƙur'ani Mai girma ya yawaita jawo hankalin mutane ga wannan juyi. A cikin Suratur Rum, aya ta 50, an umarci mutum ya dubi alamun rahamar Allah a kan ƙasar da ta rayu bayan mutuwarta, aka kuma kafa hujja da wannan a kan tashin ƙiyama. A cikin Suratush Shura, aya ta 28, an bayyana cewa saukar ruwa takan zo ne bayan mutane sun riga sun yanke ƙauna. Watau manomin da ya ga fako ya zama kore a cikin kwana goma, ya ga misalin tashin matattu da idonsa, ya kuma ga cewa yanke ƙaunar da ya yi jiya kuskure ne. Wannan karatu ne da ake maimaita masa kowace shekara ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Akwai wata hikima kuma a cikin lissafin watannin Musulunci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Saboda haka azumi da aikin hajji suna zagaya lokutan shekara duka a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Mutanen Katsina sun yi azumin 1980 a tsakiyar damina, a watannin Yuli da Agusta. Na 1990 ya faɗo a cikin zafin bazara, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Na shekarar 2000 kuwa a cikin ɗari aka yi shi. Wanda Allah ya ba tsawon rai zai bauta masa da ƙishirwar bazara, ya kuma bauta masa da sauƙin hunturu, kuma babu wata ƙasa a duniya da aka ɗora wa azumin zafi har abada.

TAURARI DA IYAKAR ILMINSU

Tun zamanin da, malaman hisabi na ƙasar Hausa sun riƙe wani lissafi da suka samu daga littattafan Larabawa, wanda manoma suke amfani da shi. Sun kasa shekarar rana a kan masaukan wata guda 28, waɗanda ake kira taurari, kowane lokaci na shekara yana da bakwai. Kowane tauraro yana da kwana 13, ban da ɗaya mai kwana 14, jimla kwana 365. A cikinsu akwai Surayya, wadda Hausawa suke kira kaza da 'ya'yanta, da Dabaran, da Zira'a, da Jabha, da Simaku. Da wannan lissafi ne malami yakan gaya wa manomi cewa lokacin shuka ya yi, ko kuwa ruwan da aka yi na yaudara ne, a dakata.

To, a nan akwai wurin da ƙafa take zamewa, lalle ne a yi hattara. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Buhari da Muslim, sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halid Aljuhani cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da aka idar da sallar asuba sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa bayin Allah sun wayi gari kashi biyu. Wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarsa, shi ne mai imani. Wanda kuwa ya jingina shi ga tauraro kaza, ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Malamai suka bambanta tsakanin mai ɗaukar tauraro a matsayin alamar lokaci, kamar yadda ake duban inuwa a san azahar ta yi, da mai ƙudurta cewa tauraron ne yake kawo ruwa. Na farko halal ne, kuma ilmi ne mai amfani. Na biyu shirka ce. Hukuncin nan shi ne hukuncin hasashen da ma'aikatan duba yanayi suke yi a yau da na'urorinsu. A saurare su, a yi shiri da abin da suka faɗa, amma zuciya ta san cewa mai saukar da ruwa ɗaya ne.

ALƘALAMI MA DAGA DAMINA YA FITO

Wanda ya lura da kayan rubutun makarantar allo zai ga cewa dukansu 'ya'yan lokutan shekara ne. Alƙalami daga karan gamba ake fiƙe shi, ita kuwa gamba sai ta sha ruwan damina ta bushe da kaka. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, ƙaro kuwa da rani yake tsatsowa daga jikin itace. Tawadar da ake rubutun takarda da ita, wadda ba ta gogewa, da 'ya'yan bagaruwa ake dafa ta. Shi kansa karatun yana bin shekara. Da damina malam da almajiransa suna gona, karatu ya ragu. In an yi kaka, rumbuna sun cika, sai a ɗauki allo da gafaka a shiga karatun rani, a hura wutar kara da dare da kuma asuba ana tilawa. Ta haka aka haddace Alƙur'ani a ƙasar nan, aka rubuta shi da ka a ruwayar Warshu, ƙarni bayan ƙarni.

Daraja ta alƙalami a Musulunci ba ɓoyayya ba ce. Ayoyi biyar na farko da aka saukar, a Suratul Alaƙ, sun ambaci karatu da koyarwa da alƙalami. Sura ta 68 sunanta ke nan, kuma da rantsuwa da shi aka buɗe ta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunan da ya iya rubutu kuma ba shi da kuɗin fansa, an karɓi koyar da yara goma na Madina a madadin fansarsa. Da mahaddata da yawa suka yi shahada a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ba Halifa Abubakar shawara, aka sa Zaidu ɗan Sabit ya tattara Alƙur'ani a rubuce wuri ɗaya.

Katsina ta sami rabo babba daga wannan gado. Shehu Magili ya zo ƙasar nan a ƙarshen ƙarni na 15, kuma Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a Misira a 1505, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim takardar nasiha. Hasumiyar Gobarau tana tsaye har yau tana shaidar wancan zamani. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya bar sharhin Ishiriniya da sharhin Ashmawi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace su a cikin Infaƙul Maisuri a jerin malaman ƙasar Hausa. Bayansu aka yi Muhammadu Alkashinawi, gwanin lissafi da ilmin falaki, wanda ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, ya rasu a can a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Ko da Turawa suka tashi kafa babbar makarantar horon malamai ta Arewa a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a Katsina suka kafa ta.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan malamai ba a cikin kwanciyar hankali kullum suka yi rubutunsu ba. Zamaninsu zamani ne na yaƙe-yaƙe tsakanin Katsina da maƙwabtanta, da fari, da annoba, ga takarda mai tsada wadda sai fatake sun ƙetaro hamada da ita. Duk da haka malami yakan zauna ya kwafe littafi shafi bayan shafi, alhali ya san mai yiwuwa wanda zai amfana da shi ba a haife shi ba tukuna. Aikinsa daidai yake da na manomin da ya ɗebi irin da zai iya ci yau, ya binne shi a ƙasa. Dukansu biyu ba za su iya wannan aiki ba sai da zato mai kyau game da gobe, da kuma Mai gobe.

FATA NAGARI DA CAMFI

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi, amma yana son fa'ali, aka kuma fassara fa'ali da kalma mai daɗi da mutum yake ji ta ƙarfafa masa zuciya. A ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Musulmi suna cikin ƙunci an tare musu hanyar Makka, sai Ƙuraishawa suka aiko Suhailu ɗan Amru. Da Annabi ya gan shi sai ya yi wa sahabbai bushara da sauƙi, domin sunan mutumin daga kalmar sauƙi aka ciro shi a Larabci. Sulhun da aka rubuta a ranar, wanda wasu sahabbai suka ga kamar ƙasƙanci ne, shi ya share hanyar buɗe Makka bayan shekara biyu.

Bambancin abubuwan nan biyu a fili yake. Camfi yana mayar da mutum gida saboda ya gamu da wani abu a hanya ko ya ji kukan wani tsuntsu, ya hana shi aiki, ya sa shi munana zato ga Allah ba da wani dalili ba. Fa'ali kuwa tura mutum yake yi gaba ga aikin da ya riga ya yi niyya. A hadisi ƙudusi an sanar da cewa Allah yana yi wa bawansa gwargwadon zaton da bawan yake yi masa. Muslim kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mutumin da yake yawo yana cewa mutane sun halaka, aka nuna shi ne ya fi su halaka. Annabi Yaƙubu, bayan shekaru masu yawa da ɓatan ɗansa, har ganinsa ya tafi saboda baƙin ciki, shi ne ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna daga rahamar Allah, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 87.

A gonakin Katsina da Daura akwai itacen da yake karantar da wannan darasi, watau gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace yake kore, gawo yakan kaɗe ganyensa ya tsaya kamar busasshe, har baƙo ya zaci ya mutu. Amma saboda wannan ne geron da aka shuka a ƙarƙashinsa yake samun rana, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. In rani ya yi, sauran itatuwa sun kaɗe, sai shi ya yi ganye, ya ba makiyayi inuwa, 'ya'yansa su ciyar da awaki da tumaki a lokacin da babu ciyawa. Wanda ya yanke wa gawo hukunci a watan Agusta ya sare shi, zai yi da-na-sani a watan Maris. Haka al'amuran bayi suke, da yawa daga abin da ake gani hasara ce a yau, tanadi ne da ba a kai ga lokacinsa ba.

Ƙasar nan ta ga shekaru masu tsanani. An yi yunwar da aka sa wa suna Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An yi farin 1972 zuwa 1974 wanda ya halaka dabbobi masu yawa, aka sake yin wani a 1983 da 1984. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta ci rayuka da gidaje a Jibiya. A 'yan shekarun nan kuma ɓarayin daji sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu a yankunan Batsari da Safana da Jibiya da wasu wurare. Ba a ambaci waɗannan don a rage musu nauyi ba, domin wanda ya rasa ɗa ko ya bar gonar gado ya san zafin abin. An ambace su ne don a tuna cewa jikokin waɗanda suka tsira daga Kakalaba su ne suka cika birni da ƙauyuka a yau, kuma dalilin haka shi ne kakanninsu sun koma gona da ruwan farko ya sauka.

ZATO MAI KYAU YANA TAFE DA AIKI

Kada wani ya fahimci cewa kyautata zato shi ne a naɗe hannu. Tirmizi ya ruwaito cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas umarnin cewa wanda ƙiyama ta taso yana riƙe da dashen dabino, in yana da iko ya dasa shi. Annabi Yusufu da ya fassara mafarkin sarkin Misira bai tsaya ga fassara ba, ya tsara musu noman shekara bakwai da ajiye hatsi a cikin zangarniyarsa. Wannan dabara ita ce ta rumbun Bahaushe, inda ake ajiye gero a dami ba a sussuke ba, ya daɗe bai lalace ba. A shekara ta 18 bayan Hijira, da aka yi farin da ake kira Shekarar Toka, Halifa Umar ya fita roƙon ruwa tare da Abbas baffan Annabi, ya kuma rubuta wa gwamnoninsa takardu, Amru ɗan As ya aiko da abinci. Addu'a da alƙalami da ayarin raƙuma duka suka yi aiki tare.

Saboda haka in ruwa ya yi jinkiri, sunna ce a fita sallar roƙon ruwa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, raka'a biyu ce da hantsi, a bayyana karatu, liman ya yi huɗuba bayan salla, a yawaita istigfari, a juya mayafi. Malamai sun ce juya mayafin nan shi kansa fa'ali ne, ana fatan Allah ya juya hali daga tsanani zuwa yalwa. Ana so kafin fita a tuba, a mayar da haƙƙoƙin mutane, a yi sadaka. In kaka ta yi kuma, wanda hatsinsa ya kai nisabi, watau wusuƙi 5, daidai da sa'i 300, ya fitar da ɗaya daga cikin goma in da ruwan sama ya noma, ko ɗaya daga cikin ashirin in ban-ruwa ya yi da wahalarsa. Mai ɓoye hatsi yana jiran ya yi tsada a bazara, alhali maƙwabcinsa yana kwana da yunwa, ba shi da bakin cewa yana kyautata zato ga Allah.

ABIN DA YA KAMATA A RUBUTA

Malaman da sukan rubuta a gefen littattafansu ranar haihuwar ɗa, da rasuwar malami, da shekarar fari ko husufin rana. Wannan al'ada ce da ya kamata kowane magidanci mai iya rubutu, da boko ko da ajami, ya raya ta. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da aka yi ruwan shuka, da irin da ya shuka, da damin da ya samu, da zakkar da ya fitar. Ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa, da shaidu, domin rigingimun gado da na gona da suke cika kotunan alƙalai yawancinsu daga rashin rubutu suke tasowa. Ya rubuta wasiyyarsa, domin hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai dace Musulmi mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Wanda ya riƙe irin wannan littafi shekara goma, in bazara ta tsananta ya buɗe shi, zai tarar an taɓa yin wadda ta fi ta, kuma ruwa ya zo.

Gargaɗi na ƙarshe ga masu rubutu ne. A yau kusan kowa yana da alƙalami a aljihunsa, watau wayar hannu, kuma abin da yaro ya rubuta a Ƙofar Ƙaura kafin ya ajiye wayar ya isa Maraɗi da Legas. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, to rubutu ya fi ta wuyar mayarwa. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta wajabta bincike kafin a yi aiki da labari, Suratul Infiɗar kuma ta tunatar da cewa akwai marubuta masu daraja da suke rubuta ayyukan kowa. Faɗin gaskiya game da zalunci ko sakacin masu mulki wajibi ne, kuma bai saɓa wa kyautata zato ba. Abin da aka hana shi ne ƙirƙirar labari, da yaɗa jita-jita, da rubutun da ba ya barin komai a zuciyar mai karatu sai tsoro da yanke ƙauna. Mai rubutu ya tambayi kansa kafin ya aika, ko zai so a karanta masa wannan a ranar da za a ba kowa littafinsa.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo ruwa mai amfani ba mai ɓarna ba. Allah ya mayar da manoma gonakinsu lafiya, ya zaunar da ƙasa, ya ji ƙan malaman da suka bar wa na baya ilmi a rubuce. Allah ya sa a cika da imani, amin.